Diyyar Hannun Tani

A Tafashiya in aka ce Tani mai ƙuli, ba a tambayar wace Tani. Doguwa ce siririya, mai saurin ƙafa da saurin baki, irin matan da ba sa iya ganin tsintsiya a yashe su wuce. Mijinta ya rasu shekarar da aka yi ta ɗibar samari zuwa yaƙin Bama, ba a fagen fama ba, ciwon ciki ne ya ɗauke shi a kan gadonsa. Ta haihu, amma 'ya'yan ba su tsaya ba. Ta ƙi sake aure, ta koma gidan ubanta inda ƙanenta Lawal yake zaune da matarsa Rabi, ta kama ɗakin da ke kusa da rumbu, ta kafa murhunta daban. Murhun nan shi ne abin taƙamarta a duniya. Ko lomar tuwo ba ta taɓa jira daga tukunyar Rabi ba, kuma ba ta barin kowa ya manta da hakan.

Zamanin nan gyaɗa ce ke tashe. Turawa na saye, kowa ya share gona ya shuka. Tani ba ta noma, amma duk abin da ke cikin gyaɗa sai ta fitar da shi. Ta soya, ta murje, ta daka, ta zuba ruwan zafi tana juyawa har mai ya taso, sannan ta ɗora tunkuzar a kan dutse ta danne da tafin hannu biyu, tana matsa har sai ta daina ɗiga. Daga nan ta mulmula ƙuli ta soya. Aikin hannu biyu ne tun daga farko har ƙarshe. Ranar kasuwar Kusada kuma sai ta ɗauki kaskonta ta zauna gindin wata tsamiya a bakin hanyar da ake bi da shanu, tana suyar ƙosai da man da ta matse da kanta.

A gefenta kullum akwai Kubura, Bafulatana mai nono, matar wani makiyayi Bube. Rugarsu takan sauka tsakanin Tafashiya da Kunduru duk damina, in an gama kiwon karan gonaki bayan girbi su yi kudu. Shekara da shekaru matan nan biyu suna zaune inuwa ɗaya suna tsokanar juna. Tani ta ce rabin nonon Kubura daga rijiya aka tatso shi, Kubura ta ce ƙulin Tani ne ya ƙarar da haƙoran tsofaffin Kusada. In kasuwa ta watse, a zuba wa Tani nono, a ƙulle wa Kubura ƙuli, ba a taɓa awo ba.

Abin ya faru ne damina ta kankama, lokacin jangali ya matso, wato harajin da ake karɓa a kan kowace saniya. Bube ya jawo bijimi kasuwa zai sayar ya biya. Kowa ya san yadda ake shiga da bijimi cikin jama'a: igiya ɗaya a ƙaho, ɗaya a ƙafar baya, mutum biyu, in ya zabura na baya ya fizge ƙafar. Bube ya zo shi kaɗai da igiya guda. Wai shi ya raini bijimin tun yana maraƙi, da ya kira sunansa zai tsaya. Da gaskiyarsa, amma a daji. Bijimin bai taɓa jin kukan mota ba, ranar kuwa wata motar kaya ta kunno kai kasuwa, direba ya matsa ham don a ba shi hanya.

Igiya ta suɓuce. Mutane suka watse, kowa ya yi ta kansa. Bijimi ya yi kan tsamiya, ya bangaji murhu, kasko ya karkata. Mai hankali da sai ya ja da baya. Tani kuwa, da ba ta saba ganin ɗigon mai ya tafi a banza ba, sai ta kai hannun dama za ta tare kaskon. Tafasasshen mai ya kwarara a kan hannun tun daga yatsu har gwiwar hannu.

Aka ɗauko ta gida a kan jaki. Lawal ya ce a kai ta wurin likita a Kankiya, ta ce ko gawarta, don ta ji ana cewa can yanke hannu suke yi. Wata tsohuwa ta shafa zuma, ta lulluɓe da gashin zomo, ta naɗe hannun da tsumma, yatsun a dunƙule kamar yadda zafi ya dunƙule su.

Da aka kwana biyu, sai ga Bube da Kubura da hantsi, ɗauke da ƙwaryar nono da curin man shanu. Lawal yana gona, Rabi ta tafi rijiya. Kubura ta shiga ta zauna bakin gado tana share hawaye da gefen zane. Bube, mutum ne marar magana wanda ba ya kallon mace ido da ido, ya ajiye sandarsa ya tsuguna a ƙofar ɗaki.

"Tani," in ji shi, "ni na jawo maki wanga abu. Ban da bakin magana."

To, a ƙasar nan, mutumin da ya tako har ƙofar ɗakinka ya tsuguna ba a barinsa ya tashi da nauyi a ka. Haka aka tarar ana yi, haka Tani ta ga uwarta na yi. Ga kunyar Kubura, ga nono a gabanta, ga zaton ƙuna ce kawai, ta warke a koma kasuwa. Ta ce, "Haba Bube, tashi don Allah. Allah ne Ya kawo. Na yahe maka, duniya da lahira." Har da lahira ta haɗa, don Tani ba ta yin abu rabi da rabi.

Gero ya fara fitar da kai aka kwance tsumma. Ƙunar ta kama hanyar warkewa, amma yatsun sun manne da juna, sun lanƙwashe cikin tafin hannu, fatar ta ɗame ta yi ƙyalli. Ta yi ƙoƙarin buɗewa, ko motsi. Ta shafa man kaɗanya, ta gasa da ruwan zafi, ta sa Rabi ta ja har ta yi ƙara. Hannun yana nan a dunƙule kamar na jariri. Wata safiya ta ce bari ta gwada aiki. Ta daka gyaɗa da hagu, da ƙyar, ta ɗora tunkuza a dutse ta danna. Man da ya fito bai cika ludayi ba. Ta zauna tana kallonsa har rana ta take.

Tun daga ranar murhunta ya mutu. Rabi ce ke aiko mata da tuwo, kuma Rabi ba muguwa ba ce, har man shanu take sa mata. Da ma ta yi gori, da Tani ta sami abin faɗa ta huce. Alherin ne ke ƙona ta. Takan karɓi akushi ta yi godiya, in Rabi ta juya baya sai ta ture shi gefe. Tsoro ya shige ta, irin wanda ba ya barin mutum ya zauna wuri ɗaya. Yau Lawal na da rai, gobe fa? In aka yi fari, wa za a fara ragewa a rabon tuwo? A kasuwar Kusada akwai wata tsohuwa mai shanyayyen hannu da ke bin rumfuna tana miƙa ƙoƙo, Tani ta sha jefa mata ƙosai. Yanzu ko fuskarta ba ta son tunawa.

Lawal ne ya zo da maganar ƙara. Ya tambayi liman, liman ya ce hannu yana da diyya a shari'a, kuma wanda ke jan dabba shi ke ɗaukar ɓarnar da ta yi.

"Yaya, mu tahi Kankiya gaban alƙali," in ji Lawal. "Shanu gare shi. Shi ba ki abin da za ki riƙe kanki."

Sai da suka kama hanya, suka yi nisa da gari, sannan ta ce, "Lawal, akwai magana. Na riga na ce mashi na yahe."

Lawal ya tsaya cak a tsakiyar hanya. "Gaban wa?"

"Shi da matarshi."

"Su kaɗai?"

"Su kaɗai."

"To ba ki ce ba," in ji Lawal. "Kin ji ko, Yaya? Zazzaɓi ke gare ki, ba ki san abin da ya hito bakinki ba. In an tambaye ki, ba ki ce ba."

Alƙalin Kankiya dattijo ne mai farar gemu da ƙaramar murya, yana zaune a kan buzu cikin soro, magatakarda a gefensa. Ya saurari ƙara, ya sa ta fito da hannun ya duba daga nesa. Wajen gwiwar hannu akwai sauran gyambo da bai rufe ba. Ya ce ba a yanke hukuncin rauni sai ya gama warkewa, a ga iyakar ɓarnar da ya yi. Su koma gida, in ya rufe su dawo, sannan a aika wa Bube sammaci.

Wannan jira shi ya fi cin ran Tani. Aka yanke gero, aka karya dawa, shanun Fulani suka shiga gonaki suna cin kara. Da karan ya ƙare za su tashi, kuma wanda ya ji ƙishin-ƙishin ƙara na binsa, me zai hana shi tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulki ya ƙi dawowa? Kullum da safe abu biyu take dubawa: gyambon, da kuma hayaƙin rugar Bube daga bayan gari. In ta ga hayaƙi ta yi ajiyar zuciya, in ta ga gyambo na ruwa hankalinta ya tashi. Ga kuma maganar da Lawal ya ɗora mata, tana binta har kan sallaya. Ta rame, wuyanta ya ƙara tsawo.

Allah Ya sa gyambon ya rufe karan bai ƙare ba. Aka aika sammaci, Bube ya zo ranar da aka sa, shi da Kubura da wasu dattawan ruga. Kubura ta zauna a rana can gefe, ko inda Tani take ba ta kalla ba.

Bube bai yi musu ba. Ya ce bijiminsa ne, shi ke riƙe da shi, igiya ɗaya ya sa. Alƙali ya ce ko yana da abin da zai kare kansa. Bube ya ce, kansa a sunkuye, "Allah shi gafarta Malam, ta yahe mani. Na je har ɗakinta, ta ce ta yahe duniya da lahira."

"Wa ya shaida?"

"Matata."

Alƙali ya ce mace ba ta yi wa mijinta shaida. Tunda ba shi da wani, rantsuwa ta koma kan mai ƙara. Ya juyo wurin Tani. "Baiwar Allah, in kin ce ba ki yafe ba, sai ki yi alwala ki dafa Alƙur'ani. Kina rantsewa magana ta ƙare, in yanke miki diyya."

Aka kawo buta. Lawal ya zuba mata ruwa, yana raɗa mata, "Daure, Yaya, daure." Ta zo wanke dama, ruwa ya bi ta kan dunƙulallun yatsu ya zube. Aka buɗe gafaka aka fito da Littafi. A gefe ɗaya ga tsohuwa mai ƙoƙo, a ɗaya gefen ga kabari. Hannu ɗaya ya rage mata, shi kuma za ta ɗora a kan Alƙur'ani ta yi ƙarya da shi? Ta miƙa shi har ya kusa, sai ta janye ta ɓoye cikin mayafi.

"Allah shi gafarta Malam, ba ni rantsewa. Na hwaɗi. Da bakina na ce na yahe mashi."

Lawal ya dafe kai. Dattawan ruga suka dubi juna. Amma bakin nan na Tani da bai taɓa sanin wurin tsayawa ba ya ci gaba da kansa. "Amma ranar hannuna da rai, Malam. Ƙuna na yahe. Da na san mutuwa zai yi, wallahi ko tsugunon shekara Bube ya yi, da ban buɗe baki ba. Yanzu na janye."

Alƙali ya tambayi Bube ko ranar da ya je ɗakinta an kwance hannun ya gani, Bube ya ce a naɗe yake. Alƙali ya ce to shi abin da ya fahimta, ta yafe abin da ta sani, ƙuna da zafinta, wannan ya wuce ba ta da haƙƙi a kai. Mutuwar hannu kuwa daga baya ta bayyana, yafiyar ba ta kai kanta ba. Sai dai cikakkiyar diyya za ta share garken Bube, don haka ya nemi a yi sulhu. Aka yi ta ja har azahar, aka tsaya a kan saniya mai shayarwa da maraƙinta, da karsana guda.

Da aka koro shanun Tafashiya, gari ya fito kallo, ana yi wa Tani barka. Ita ma ta yi murna, amma ta yini guda. Washegari ta gane abin da ta ɗauko. Tatsa hannu biyu take so. Lawal manomi ne, bai san gaban saniya ba bare bayanta. Rani na tafe, babu ciyawa, rijiyar gari mai zurfi ce, ga malaman jangali za su zo su ƙirga mata kamar kowa. In ta sayar ta ci, kuɗi su ƙare ta koma gidan jiya. Saniya kuwa ta ƙi cin komai, ta juya kai wajen ruga tana kuka, har maƙwabta suka fara ƙorafi.

Hanya ɗaya ce, wadda duk Bahaushe mai saniya ke bi: a ba Bafulatani kiwo, ya tafi da ita rani, ya dawo da damina, nono nasa, 'ya'ya da rabon man shanu na mai ita. Lawal ya zaga rugage. Kowa ya ce ya yi haƙuri, garkensa ya cika. Duk dangin Bube ne, ba wanda zai karɓi saniyar da aka fitar daga hannun ɗan'uwansa a gaban alƙali. A wurin yawon nan ne Lawal ya ji abin da ya ƙara dagula wa Tani lissafi: saniyar ta Kubura ce, ta sadakinta, ita kaɗai ce mai shayarwa tasu, sauran duk na wasu marayu ne da suke riƙo.

Ranar da ruga za ta tashi, Tani da kanta ta sa Lawal ya koro shanun. Sun tarar an rushe bukkoki, ana ɗaure ƙore a bayan takarkari. Saniya na jin ƙamshin garke ta fizge ta shige cikin 'yan'uwanta. Kubura na ɗaurin kaya. Tani ta ce, "Kubura, an kwana lahiya?" Kubura ta ja igiya ta ƙulle, ta zagaya ɗaya gefen takarkarin.

Bube ya zo, sanda a kafaɗa. Tani ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya dubi shanun, ya dubi ƙasa.

"Na karɓa," in ji shi. "In ruwa ya sauka za ki gan mu."

Lawal ya ce ko a kira mai unguwa ya shaida. Bube bai ce a'a ba, bai ce to ba, ya dai ci gaba da duban ƙasa, garke kuwa ya riga ya fara motsi. Tani ta ga duk abin da ta mallaka a duniya yana tafiya da ƙafafunsa, ba ta riƙe da komai sai maganar mutumin da ita ta janye masa tata maganar a gaban jama'a. Ta kasa daurewa.

"Bube, in ba ka dawo ba hwa?"

A karo na farko tun da ta san shi, ya ɗago ya dube ta ido da ido. Babu fushi a fuskarsa.

"Sai ki yahe mani, Tani."

Ya dawo. Wannan damina ya dawo, da wadda ta biyo ta, har shanun suka yi yawa, Tani ta sake hura murhunta, tana sayen gero da abin da suka haifa. Ba ta yi bara ba har ta koma ga Allah. Amma Kubura ta canza inuwa a kasuwar Kusada, Bube kuma in ya kawo man shanu a ƙofar gida yake ajiyewa, ko ruwan gidan bai ƙara sha ba. Hankalin Tani kuwa bai sake kwanciya ba. Duk shekara, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, abinci ya fita ranta, ta bar tukunya a kan wuta ta fita bayan gari ta tsaya a bakin burtali, dunƙulallen hannun a cikin mayafi, tana duban kudu.